Ana ganin Tauraron Arewa daga Jos kuwa?

Ishaku: Salama 'yan'uwa, yaya sanyi? Ina da tambaya, amma kada a yi mini dariya. An ba ni jagorancin nazarin matasa na ranar Laraba, a kan sanin nufin Allah. Na saurari wani mai wa'azi na Amurka a YouTube, ya ce Yesu shi ne Tauraron Arewa, sauran taurari duk suna yawo, shi kaɗai ke tsaye wuri ɗaya, wanda ya kafa masa ido ba zai ɓata ba. Maganar ta shige ni. Sai na ce kafin in tsaya gaban yara in faɗa, bari in ga tauraron da idona. Na duba sama har wuyana ya ƙage, ban ga wanda ya fi wani ba. Ana ganinsa a Jos kuwa? Na biyu, ya dace Kirista ya yi misali da shi?

Luka: A Tudun Wada kake neman tauraro? Hayaƙin janareta dai za ka gani, sai fitilar masu shayi.

Mama Saratu: Ɗana, ka yi hankali. Da kallon taurari ake farawa, a ƙare a gaban mai duba. Ka buɗe Maimaitawar Shari'a 4:19, an ja mana kunne kada mu ɗaga ido mu ga rana da wata da taurari zuciyarmu ta karkata gare su. Irmiya sura 10 ma ta ce kada mu koyi hanyar al'ummai masu firgita da alamun sama. Ka koya wa yara Maganar Allah kawai, ta isa.

Malam Bitrus: Mama, a yi mini aikin gafara in sa baki, tun da wannan shi ne abin da na koyar har na yi ritaya.

Ishaku, ana ganinsa, amma ba inda ka duba ba. Kai sama ka duba, shi kuwa yana can ƙasa kusa da bakin sararin. Ƙa'idar ita ce, tsayin tauraron nan daga ƙasa daidai yake da nisan garinka daga layin da ya raba duniya biyu. Jos tana wajen digiri 10 arewa da layin, saboda haka tauraron digiri 10 kacal ya ɗaga. Ka miƙe hannunka gaba sosai, ka dunƙule shi, ka ɗora ƙasan dunƙulen a inda ƙasa ta haɗu da sama ta wajen arewa. Saman dunƙulen nan, can yake. Yanzu ka gaya mini, a garin nan namu mai duwatsu ko'ina, ga gidaje, ga itatuwan turare, ga hazon hunturu da ke kwanciya daidai wannan wurin, ina za ka gan shi? Kuma ba shi da wani haske na a zo a gani. Akwai taurari sama da 40 da suka fi shi haske. Sai ka hau tudu a daren da sama ta washe, ka san daidai inda za ka duba.

Shi mai wa'azin naka bai yi ƙarya ba, a garinsu haka ne. A Amurka tauraron yana ɗagawa digiri 30, 40, har fiye, ko yaro zai nuna maka shi. Suna kuma da tarihi da shi. Bayin da suke gudu daga jihohin kudu zuwa arewa da dare shi suke bi, har Frederick Douglass, wanda shi ma gudowa ya yi daga bauta, ya sa wa jaridar da ya kafa a 1847 sunan tauraron. In ya ce Tauraron Arewa, mutanensa suna jin abu a jikinsu. In kai ka faɗa wa yaran Tudun Wada, za su gyaɗa kai ne don ladabi.

Ishaku: Kai, Malam! Ashe wahalar banza na ba wuyana. To kakanninmu da me suke gane hanya?

Baba Dauda: Bari tsohon direba ya yi magana. Lokacin da nake jan babbar mota na sha kaiwa Agadas, na zauna da Buzaye masu azalai, waɗanda ke ratsa Tenere da raƙuma zuwa Bilma ɗauko gishiri da dabino. Kusan kilomita 600 ne, yashi zalla, sai a Fachi ake samun wurin hutawa na kirki. Madugunsu ba tauraro ɗaya yake riƙewa ba. Wanda ya ɗauka da magariba, in dare ya raba ya hau tsakar ka, ba ya nuna komai kuma, sai ya sake shi ya kama wani da ke fitowa. Waɗannan ukun da ke jere, su da na kewaye da su, Amanar suke ce musu, wato jagora. Amma abin da na lura, madugu ba ya dogara da sama kaɗai. Yana duba yadda iska ta kwantar da yashi, yana duba kashin raƙuma na ayarin da ya wuce, yana lissafin kwanaki. Kuma tun yana yaro yake bin ubansa a hanyar. Ba wanda ake ba ayari don ya haddace sunayen taurari.

Akwai wata bishiya guda ɗaya tilo a tsakiyar Tenere da ayari ke yin alama da ita shekara da shekaru. A 1973 wani direba ya buge ta da mota. Duk faɗin hamada, bishiya ɗaya, ita ya samu. Gangar jikinta tana gidan tarihi a Yamai yanzu, an kafa ta ƙarfe a wurin.

Luka: Baba, ka tabbata ba kai ba ne direban?

Baba Dauda: Ɗan nema. Lokacin ina yaron mota.

Malam Bitrus: Ukun da Baba ya ambata su ne namu Mafarauci da Kare da Zomo, kuma su ne suka fi mana amfani a nan. Suna zaune kusan daidai kan tsakiyar sama, shi ya sa suke fitowa a gabas sak, su faɗi a yamma sak. A tsakiyar Disamba rana na faɗuwa suna fitowa ta wajen duwatsun Shere, tsakar dare suna bisa kai, da asuba suna gangarawa yamma. Kaza da 'Ya'yanta tana gabansu, ta riga su fitowa. Ita Kaza manoma ne suka fi kula da ita. Wajen ƙarshen Afrilu zuwa Mayu takan ɓace daga sararin yamma, sai a Yuni ta sake bayyana da asuba, daidai lokacin da damina ke kankama. Kowane tauraro yana riga jiyansa fitowa da minti 4, shi ya sa saman Disamba daban da saman Yuni. A watannin Afrilu da Mayu kuma, in ka juya kudu da dare, za ka ga taurari huɗu masu siffar gicciye, sun ɗaga kamar dunƙule biyu. Mutanen kudancin duniya da su suke gane kudu.

Mama, ki duba Ayuba 9:9 da 38:31, da Amos 5:8. Kaza da Mafarauci suna ciki da sunayensu, Allah da kansa yake tambayar Ayuba ko zai iya ɗaure wannan ko ya kwance wancan. Farawa 1:14 ta ce an sa su domin alamu da lokatai da kwanaki da shekaru. Manomin da ya duba Kaza ya gyara garmarsa bai yi tsafi ba.

Mama Saratu: Malam, ban ƙi taka ba. Ni ma uwata da Gamzaki take tashi ta ɗora tukunya, ba ta taɓa mallakar agogo ba. Amma kai kana maganar manomi, ni ina maganar 'ya'yanmu da ke riƙe da waya. Jikata ta zo tana gaya mini wai ita tauraruwarta kaza ce saboda watan da aka haife ta, wai ba za ta jitu da mai tauraro kaza ba. A gidana! Na ce mata ranar da aka haife ki ina wurin, ban ga tauraro ya shigo ɗakin haihuwa ba. Ishaya 47:13 ta yi wa masu wannan lissafin ba'a, ta ce su tashi su cece ku mana in sun isa.

Rifkatu: Mama ta taɓo inda ke mini ciwo, bari in faɗa ko zan ji sauƙi. Yayana ya gama digiri, shekaru yana neman aiki bai samu ba. Wani abokinsa ya kai shi wurin wani mai kiran kansa annabi. Ko zama bai gama yi ba, mutumin ya ce masa tauraronka mai haske ne ƙwarai, amma wata tsohuwa a dangin ubanka ta kife shi da ƙwarya. Ya sayar masa da ƙaramar kwalbar mai, irin ta turaren nan, da farin ƙyalle, ya ce ya riƙa shafawa a goshi ƙarfe 12 na dare yana kiran tauraronsa ya fito. Tsohuwa a dangin babanmu guda ɗaya ce, gwaggonmu, wadda ta sayar da akuyoyinta ta biya masa kuɗin jarrabawa lokacin da babanmu ya rasu. Yanzu ko gaisuwa ba ya kai mata. Ta aiko masa da acca da ta noma da hannunta, ya ce a zubar. Da idona na ga buhun a bayan gida, kaji suna tsattsaga. Tsohuwar nan har yau ba ta san laifin da ta yi ba, tana tambayata ko ba shi da lafiya ne. To in na ji ana haɗa Yesu da tauraro, gabana faɗuwa yake yi.

Hannatu: Kai, Rifkatu, sannu. Allah ya shiga tsakani.

Luka: Amma tsakani da Allah, annabawan nan daga Matiyu 2 suke ɗauko abin. Masanan da suka zo neman jariri Yesu sun ce mun ga tauraronsa a gabas. In Yesu yana da tauraro, me zai hana ni ma in samu nawa? Ba goyon bayansu nake ba, ina so a ba ni amsar da zan ba su ne.

Fasto Iliya: Salama gare ku duka. Ina hanyar dawowa daga jana'iza ne, sai yanzu na karanta daga farko. Rifkatu, 'yata, maganarki ba ta cikin waya ba ce kawai, za mu zauna.

Luka, mu bi labarin a hankali, don wasan Kirsimeti da yara ke yi ya sa mun haddace abin da ba a rubuta ba. Matiyu bai ce su uku ne ba, kyautai ne uku, zinariya da lubban da mur. Bai ce sarakuna ne ba. Abin da ya fi muhimmanci, bai ce tauraron ya ja su tun daga ƙasarsu har Baitalami ba. Sun ga tauraro, suka fahimci an haifi sarkin Yahudawa, sai suka yi abin da kowa zai yi, suka nufi babban birni. Suka shiga Urushalima suna tambaya a fili, har maganar ta kai kunnen Hirudus, mutumin da ya kashe matarsa da 'ya'yansa na cikinsa saboda kishin sarauta. Iyakar inda ilimin taurarinsu ya kai su ke nan, ƙofar mai neman ran yaron.

Wa ya ce Baitalami? Manyan firistoci da malaman Attaura ne, suka buɗe Mika 5:2. Sai bayan da masanan suka ji Nassi suka kama hanya, sannan tauraron ya sake bayyana, suka yi murna matuƙa. Komawarsu gida kuma ba tauraro ne ya nuna musu ba, a mafarki aka gargaɗe su suka sake hanya.

Akwai abin da ke damuna kullum a wurin nan. Daga Urushalima zuwa Baitalami wajen kilomita 9 ne, bai kai daga Terminus zuwa Bukuru ba. Malaman da suka san ayar da ka, ba a ce ko ɗaya ya ɗauki sandarsa ya bi baƙin ba. Mu masu wa'azi ya kamata wannan ya hana mu barci.

Batun kowa da tauraronsa kuwa, babu shi a Littafi. Tauraron Matiyu 2 alama ce guda domin haihuwa guda, kamar yadda Bal'amu ya faɗa a Ƙidaya 24:17 cewa tauraro zai fito daga Yakubu. Zabura 147 ta ce Allah ya ƙidaya taurari, yana kiran kowanne da sunansa. Ba ta ce ya raba mana su ɗaya ɗaya ba, balle wata tsohuwa ta kife na wani da ƙwarya.

Malam Bitrus: Fasto, in ƙara kaɗan. Masana sun daɗe suna neman sanin mene ne tauraron nan. Johannes Kepler ya lissafa cewa Mushtari da Zuhal, wato Jupiter da Saturn, sun haɗu a sama a shekara ta 7 kafin haihuwar Almasihu bisa ƙirgenmu, Hirudus kuwa yawancin masana tarihi sun ce ya mutu a shekara ta 4. Irin haɗuwar ce aka gani ranar 21 ga Disamba 2020, wadda aka yi ta yayatawa a Facebook wai tauraron Kirsimeti ya dawo. Wasu sun ce tauraro mai wutsiya ne. Ni dai ban ga yadda ɗayansu zai tsaya bisa gida guda ba.

Sannan Ishaku, ga abin da zai ɓata wa mai wa'azinka misali. Tauraron Arewa ma ba tsaye yake har abada ba. Duniya tana layi a hankali, zagaye ɗaya cikin shekara kusan 26,000. A zamanin Yesu tauraron nan yana nesa da ainihin arewa da kusan digiri 12, yana zagaye kamar saura. Lokacin da ake gina dalar Masar wani tauraro ne dabam, Thuban, ke wurin. Bulus bai san wani tauraro da ke tsaye cak ba.

Ishaku: To yanzu kun rushe mini nazari gaba ɗaya. Me zan gaya wa yara ranar Laraba?

Mama Saratu: Ɗana, ni na haifi 'ya'ya na kuma yi jikoki. Yaron da zai fita cikin sanyin Disamba yana neman tauraro, ba nazarin Laraba kaɗai ke cinsa ba. Faɗi abin da ke ranka.

Ishaku: Mama kin kama ni. An kira ni aiki a Abuja, in fara a watan Janairu. Albashin ya fi abin da nake samu a nan nesa ba kusa ba. Amma mamana ƙafa ta hana ta sakat, ƙannena biyu suna makaranta, ni ne babba. Na yi azumi, na yi addu'a, ban ji komai ba. Ina so Allah ya nuna mini alama ɗaya ƙwaƙƙwara in san na bi daidai.

Luka: Ka tafi kawai, ka riƙa aiko da kuɗi. Abuja ba Ingila ba ce, in ka hau mota da safe kafin azahar ka sauka. Addu'a ba ta sayen maganin ƙafa.

Hannatu: Luka, ba kowane abu kuɗi ke yi ba. Wa zai kai ta asibiti in abin ya tashi da dare?

Luka: To ya zauna su haɗu su yi ta kallon juna babu na cefane?

Mama Saratu: Ku dakata. Ina budurwa, a wani ƙauye bayan Bukuru, mukan je waƙar Kirsimeti ƙauye ƙauye da dare. Wata shekara muna dawowa, babu wata, sai wani saurayi cikinmu ya ce shi ya san hanya, ga Mafarauci can ya karkata, gida yana yamma, a yanke ta daji a huta da zagaye. Kuma gaskiyarsa, gida yana yamma. Ya wuce gaba da sauri yana waƙa. Mu muna baya da fitilar ƙwai guda ɗaya, wata tsohuwa ce ke riƙe da ita, tana tafiya kamar ba ta so, muna ta jin haushinta. Sai muka ji waƙa ta yanke. Tsohon ramin kuza ne, ciyawa ta rufe bakinsa. Allah ya taimaka ba mai ruwa ba ne, da igiyar shanu aka jawo shi, ƙafa ta karye. Fitilar nan ba ta haska fiye da taku uku, amma duk wanda ya tsaya kusa da ita ya kwana a gida lafiya. Shi ya sa in na karanta Zabura 119:105, inda aka ce Maganarsa fitila ce ga ƙafafuna, ba na bukatar mai fassara.

Kai Ishaku ka riga ka san yamma. Ka san an ce ka girmama uwarka, ka san wanda bai kula da gidansa ba Bulus ya ce ya fi marar bi muni. Wannan ba ya canzawa ko kana Jos ko kana Abuja. Abin da ya rage taku uku ne na gabanka. Ka zauna da mamanka ka tambaye ta? Ka yi lissafin kuɗin haya a can? Ka san wanda zai kwana da ita?

Ishaku: Ban gaya mata ba tukuna. Ina tsoron za ta ce in tafi don kada ta tare mini hanya, alhali ba haka ne a ranta ba.

Mama Saratu: To ka ga. Kana jiran sama ta yi magana, wadda ke ɗaki ɗaya da kai ba ka tambaye ta ba.

Luka: Amma Mama, Fasto da bakinsa ya ce an yi wa masanan magana a mafarki. Yusufu ma haka. Don me Ishaku ba zai nemi nasa ba?

Fasto Iliya: Allah yana iya yi, ban isa in hana shi ba. Amma ka lura, ba a ce masanan sun kwanta neman mafarki ba. Suna cikin biyayya da abin da suka riga suka sani ne gargaɗin ya same su.

Ishaku, in kana neman nassin Laraba, ɗauki Ayyukan Manzanni 27. Shi ne wurin da Littafi ya yi maganar tuƙi da taurari kai tsaye, kuma abin da ya faɗa shi ne ba a gan su ba. Jirgin da ya ɗauko Bulus zuwa Roma yana tsibirin Karita, lokacin tafiyar teku ya riga ya wuce. Bulus ya ce kada a tashi. Jarumin sojan, Yuliyas, ya fi yarda da matuƙi da mai jirgin, mafi yawan mutane ma suka ce a tafi. Wata 'yar iska mai daɗi ta taso daga kudu, suka ce ai ga alama, bukata ta biya. Ba a jima ba guguwa ta sauko musu. Aya ta 20 ta ce kwana da kwanaki ba rana ba taurari, har suka fid da rai. A zamanin da babu na'urar nuna arewa, wannan makanta ce sosai.

To me suka yi? Sun ɗaure jirgin da igiyoyi ta ƙarƙashi. Sun zubar da kaya. A dare na 14 matuƙan suka ji alamar ƙasa ta kusa, suka jefa igiyar awo suka sami gaba 20, suka matsa kaɗan suka sake aunawa, gaba 15. Suka saki anka 4 ta bayan jirgin, suka zauna suna roƙon gari ya waye. Mala'ika ya yi wa Bulus magana, gaskiya ne, amma abin da ya gaya masa shi ne ba wanda zai mutu. Bai ba shi taswira ba, sunan tsibirin ma sai da suka taka ƙasa suka ji Malta ne. Da matuƙan suka so su sulale a ƙaramin kwalekwale, Bulus ya ce in waɗannan ba su zauna ba, ba za ku tsira ba. Mutumin da mala'ika ya yi wa alkawari, shi ne ya nace sai ƙwararru sun tsaya a bakin aikinsu. Sannan ya ɗauki gurasa ya yi godiya, ya ce kowa ya ci. Mutum 276, duka suka fita, wasu da iyo, wasu a kan katako.

Ni a shekarun da na yi ina aikin nan, waɗanda suka zo mini da "Allah ya nuna mini alama" sun fi ba ni tsoro a kan waɗanda suka zo da "ban sani ba, a taya ni tunani". Sau da yawa alamar iskar kudu ce, ta zo daidai da abin da zuciya ta riga ta so.

Baba Dauda: Fasto, wannan awon zurfin shi ne aikin direba in hazo ya rufe Hawan Kibo. Ba ka ganin komai, sai ka sa giya ta ɗaya, yaron mota ya sauka yana tafiya a gaba.

Luka: Aya ta 12 nake so a karanta wa kwamitin gini. Mafi yawa suka ce a tafi, jirgi ya farfashe.

Hannatu: Luka, kada ka jawo mana maganar kwamiti nan, mun sha ta a wancan makon.

Ishaku: Fasto, to babu inda aka kira Yesu tauraro ke nan?

Fasto Iliya: Akwai, shi da bakinsa, a Ru'ya ta Yohanna 22:16. Amma tauraron asuba ya kira kansa, Gamzakin da mahaifiyar Mama Saratu ke tashi da shi. 2 Bitrus 1:19 ma ta ce mu riƙe maganar annabci kamar fitila a wuri mai duhu har gari ya waye, Gamzaki ya fito a zukatanmu. Malam zai gyara mini, amma ban taɓa jin wanda ya bi Gamzaki ya je wani gari ba.

Malam Bitrus: Ba a bin sa, Fasto. Lokaci yake faɗa. Ba ya taɓa nisa da rana, iyakarsa digiri 47, don haka ba za ka gan shi da tsakar dare ba, in ya yi sammako ƙwarai ya riga rana da kamar awa 3. Kuma shi da Zara matar wata abu ɗaya ne, duniya ce irin tamu mai zagaya rana. Takan yi wata 8 zuwa 9 tana fitowa da yamma, ta ɓace, ta koma fitowa da asuba, zagayen duka kwana 584. Na sha yin musu da tsofaffi a kan wannan, ba su taɓa yarda ba.

Mama Saratu: Ni ma ban yarda ba. Zara mace ce, Gamzaki namiji.

Malam Bitrus: Na sallama, Mama.

Ishaku: Na gode ƙwarai, iyayena. Zan yi magana da mamana yau bayan cin abinci. Luka, kai da ka yi zaman Abuja, ka turo mini yadda haya take a wajen Nyanya ko Kubwa, in san abin da zai rage a hannu.

Luka: Zan turo, amma ka zauna kafin ka buɗe.

Rifkatu: Fasto, ni nawa fa? In na kai wa yayana waɗannan ayoyin cewa zai yi ni ma an rufe mini ido. Ya daina zuwa sujada tun Ista.

Fasto Iliya: Kada ki fara da ayoyi, ba zai ji ba yanzu. Wanda ya daɗe ba aiki, in aka ba shi wanda zai ɗora wa laifi, da wuya ya saki. Zan neme shi da kaina, ba a ofis ba, kuma ba zan ce ke kika aiko ni ba. Dattawa biyu a ikilisiya suna da wuraren aiki, zan ji ko akwai inda za a sa shi ko na wucin gadi ne. Amma tsohuwar nan ba za a bar ta tana zaton ta yi laifi ba har sai ya dawo hankalinsa. Mama, ko Zumuntar Mata za ta shiga?

Mama Saratu: Ba sai an tara mutane ba, taro zai sa ta zargi wani abu. Ni da Rifkatu mun isa. 'Yata, a ina take zaune?

Rifkatu: Ta wajen Miango, Mama. Asabar ta yi miki?

Mama Saratu: Asabar ina da biki a Gada Biyu. Lahadi bayan sujada ta biyu, ki same ni a bakin coci. Kada ki gaya wa yayanki tukuna. Ki sayi sukari da sabulu, ni zan kawo man zafi na ƙafa, ba a zuwa wurin tsohuwa hannu rabbana. In ta tambayi acca, ki bar ni da amsa.